Ƙararrawar da Ta Kwana a Toka

Kwanakin baya wani ɗalibi daga Samaru ya tsaya a bakin rumfata a Palladan, yana jira in liƙe masa ƙafar gadon ƙarfe. Ya ga tartsatsi ya tashi, ya ga na ɗaga hannu ƙafa ta zauna daram, sai ya ce, "Baba, ashe abin ba wuya. In an ba mu hutu zan zo ka koya mini, wata guda ya isa." Masu koyon aiki a shagona suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, don na san su ma masu dariyar haka suke gani a ransu. Yanzu kowa ya iya kunna inji ya sa baƙin gilashi, ya zama mai walda. To ku matso, ku da ɗalibin, in gaya muku abin da hannu ke koya bayan ido ya gama kallo.

Sunana Ishaya. Daga ƙauye aka kawo ni Sabon Gari ina saurayi. Mahaifina Bamaguje ne da ya karɓi bishara da furfurarsa, shi ya riƙo hannuna har unguwar PZ ya danƙa ni ga Malam Tanimu, wani mutumin unguwar Jushi, jikan maƙera, wanda ya koma walda da manyan motoci suka yi yawa a gari. Musulmi ne mai tsare lokacin salla kamar agogo. Ran Juma'a ni ke jiran shago, ran Lahadi kuwa ko aiki ya kai wuya sai ya ce, "Tashi ka tafi sujadarku, ƙarfe ba ya gudu."

Na daɗe a wurinsa ban taɓa inji ba. Aikina shi ne tarin tsofaffin ƙarafa da ke bayan rumfa. Sai ya ce in ɗauki kowanne in ƙwanƙwasa da guduma, in gaya masa wane iri ne. In na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya ce, "Kunnen naka na ado ne?" A haka na gane cewa ƙarfe kala-kala ne kamar mutane. Akwai mai laushi da ake yin ƙofa da shi, ka lanƙwasa ya bi ka. Akwai na sifirin ɗin mota, mai taurin kai, wanda in an wasa shi yakan yi aska. Akwai kuma ƙarfen zubi, wanda muke kira kas, mai nauyi, mai murya, amma ba ya lanƙwasa ko kaɗan. In ka matsa masa, fashewa zai yi. Ranar da na saci kallon wutar walda ba gilashi, na wayi gari idona kamar an zuba yashi da barkono, maigida ya dube ni ya ce yanzu na fara zama ɗan sana'a.

Aikin da na fi so bayan na buɗe nawa shagon shi ne na ƙararrawa. Majami'un ƙauyukanmu ba su da halin sayen ta tagulla irin ta manyan coci-coci na gari. Durom ɗin birkin babbar mota suke nema, wannan ƙaton ƙarfen mai kama da tukunya da ke cikin taya. Kas ne, don haka ba a yi masa walda don a rataye shi, ta ramukan noti ake zura sarƙa. Wata rana wani dogon dattijo, Baba Nomau, ya zo daga wani ƙauye can bayan Samaru. Shi ne mai buga ƙararrawar majami'arsu. Ya sa na rataye masa kowane durom da ke wurina, ɗaya bayan ɗaya, yana bugawa yana tafiya har tsallaken titi yana saurare. Na gaji, na ce, "Baba, ai duk ƙara ce." Ya ce, "Ɗana, akwai masu gona a hayin fadama. Wadda ba ta haye ruwa ba, ba ƙararrawa ba ce, kwano ne." Da ya samu wadda ta yi masa, ya zaɓi guntun sandar ƙarfe daga cikin na ƙafar mota, tsawon kamu ɗaya, ya ce da ita zai riƙa bugu.

Shi ya koya mini cewa bugu iri uku ne. Akwai na sujada, a natse. Akwai na mutuwa, ka buga ɗaya ka jira muryar ta mutu sarai kafin ka ƙara. Akwai na gobara ko wani haɗari, da sauri ba tsayawa. Wannan na ƙarshen ba na Kirista kaɗai ba ne. A hayin fadamar akwai unguwar Musulmi, manoma irinsu, kasuwarsu ɗaya. In rumbu ya kama wuta a kowane ɓangare, ƙararrawar Baba Nomau ce ke fito da kowa da tulunsa.

Sai shekarar rikici ta zo. Ba zan tsaya ba ku labarin wa ya fara ba, kowa da nasa bakin, kuma waɗanda suka mutu ba su suka fara ba. An ƙone shaguna a Sabon Gari, an ƙone wuraren ibada, aka sa dokar hana fita. Da aka ɗan sassauta, aiki ya canza kama. Ba mai neman gado ko kujera. Kowa ƙarfen taga yake so da ƙofa mai kauri, Kirista da Musulmi, wani lokaci su haɗu a benci ɗaya a rumfata ba mai kallon wani. Akwai kuma masu zuwa da ganyen sifirin a naɗe cikin buhu, su yi ƙasa da murya su ce a fitar masa da baki. Waɗannan nakan ce musu babu wutar lantarki, wanda kuma gaskiya ne, don a watannin nan da wuya a kawo ta.

Wata safiya a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shago. Aka sauke durom da na gane tun daga nesa, ya yi fari-fari da ƙuna, da tsaga tun daga baki har kusan tsakiya. Aka sauke buhuna da yawa. Sai wata dattijuwa ta sauko, da wani ƙaƙƙarfan magidanci a bayanta riƙe da abu a naɗe cikin tsumma. Ita ce Mama Talatu, matar Baba Nomau. Shi kuma Dauda, babban ɗansu, manomi, matarsa na goyon jariri a lokacin.

Ita ta ba ni labari, a tsaye, ba hawaye. Ranar kasuwa aka shigo musu da rana tsaka, maza ba sa gida. Baba Nomau ya ruga ya kama bugun haɗari, bai daina ba har mata da yara suka shige dawa. A gindin ƙararrawar aka same shi. An ƙone majami'ar, rumfar da ƙararrawar take rataye a ciki ta ci wuta ta rufto mata, ƙararrawar ta kwanta cikin garwashi ta yi ja. Da mutane suka dawo, saboda ƙaunar da suke mata suka ɗebo ruwan rijiya suka sheƙa mata don su cece ta. Nan take ta ce ƙas. Na dafe kai, don wutar ba ta yi mata komai ba, da sun bar ta ta huce da kanta da ta tashi lafiya. Amma wa zai tsaya gaya wa mutanen da ke kwasar gawa halin ƙarfen zubi?

Ban gama jajantawa ba Dauda ya warware tsumman ya ɗora sandar mahaifinsa a kan teburina. Ya ce, "Malam, ni ba ƙararrawa ta kawo ni ba. Wannan nake so ka buɗa mini ita, ka fitar mata da baki biyu. Na san wanda ya sare shi. Ƙanwata ta gan shi. Mutumin hayi ne, mun sha cin kasuwa tare."

Na dubi sandar. Ƙarfe ne mai kyau, da zai yi takobin da ba a taɓa gani ba. Na kuma san in na ƙi, akwai maƙeran da ba za su ƙi ba. In Dauda ya haye fadamar nan, ko ya kashe ko a kashe shi, kuma ko wanne ya faru, abin da ya rage na ƙauyen nan ba zai kai Lahadi ba.

Mama Talatu ba ta ɗaga murya ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, sai ta ce, "Kai, saurara. Mahaifinka ya buga wa kowane mamaci a garinmu ƙararrawa, shi kuwa mun binne shi shiru kamar ɓarawo. Sandar nan ba taka ba ce tukuna. Sai an gyara ƙararrawarsa, an yi masa bugun da ya yi wa mutane. Bayan nan ka zama magajinta, ba zan riƙe hannunka ba."

Dauda ya ce, "To, a liƙe ta yanzu, Inna. Ai walda ba ta cin awa guda." Kun ji, shi ma irin tunanin ɗalibin nan ne da shi.

Na ce masa ba haka ake yi wa kas ba, kuma tsaga mai girman wannan sau ɗaya na taɓa ganin an ɗinke, ina riƙe da awartaki ne kawai. Na hau keke na tafi Jushi. A kwanakin nan Kirista bai cika shiga can ba, Musulmi ma bai cika zuwa wajenmu ba. Na tarar da Malam Tanimu a zaure, ya tsufa, ya bar aiki. Da na ambaci Nomau ya yi salati. Sannan ya shiga ciki ya fito da damin sandunan tagulla da ya ɓoye tun zamanin da ake samun na kirki, ya ce, "Ɗauke ni a bayan keken."

Da Dauda ya ga farar hula da carbi sun sauko daga keke, ya miƙe tsaye. "Wannan ne zai taɓa ƙararrawar babana?"

Uwar ta ce, "Durƙusa ka gaida dattijo."

Bai durƙusa ba, bai kuma gaida shi ba. Malam Tanimu ya yi kamar bai gani ba. Ya yi wa Mama Talatu ta'aziyya, ya tsuguna gaban durom ɗin yana bin tsagar da farce har inda ido ba ya gani. Ya sa alli a wurin ya ce in huda. Ya ce wa Dauda, ba tare da ya dube shi ba, "Tsaga tafiya take yi, samari. In ba ka tare kanta da rami ba, kana liƙe baya tana ci gaba, har ta zagaye." Muka huda da abin huda na hannu, muka bi tsagar da magagari muka buɗe mata kwari inda tagulla za ta kwanta. Wannan kaɗai ya cinye mana wuni.

Washegari muka haƙa rami a bayan shago. Kas ba a ɗora masa wuta a wuri guda, sai an gasa shi gaba ɗaya, a hankali, har zafin ya game jikinsa. Na ce zan aika a sayo gawayin ƙirya, sai Mama Talatu ta kwance bakin buhunan da ta zo da su. Gawayin katakon majami'arsu ne, da na bencina, da toka, ta sa matan zumuntar majami'a sun kwashe tas. Ta ce ta ji an ce maƙera na bukatar gawayi, ta ga ba dalilin sayen wani ga nasu. Na yi shekaru ina wasa da wuta, ban taɓa jin tsoron hura ta ba sai ran nan.

Malam Tanimu ya nuna wa Dauda zuga-zugi ya ce, "Kai ne mai ƙarfi a nan." Dauda ya zauna ya kama, da fushi, yana zuga kamar zai fasa fatar. Tsoho ya ce, "Sannu. In gefe ɗaya ya riga ɗaya zafi, mun yi asara." Haka ya riƙa rage masa hannu har numfashin zuga-zugin ya daidaita. Da durom ya yi ja irin na garwashin da ya kwanta, na kunna wutar gas, maigida na gefena yana nuna mini da tsinke. Tagulla ta narke ta bi kwarin nan kamar zuma, kaɗan-kaɗan, muna ja da baya. Gumi har cikin takalmi. Haka muka yi ta yi har muka kai baki.

Dauda ya saki zuga-zugi ya ce, "An gama? A fito da ita. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

Malam Tanimu ya ce, "Wani ƙarfen ke nan. Wannan in iska ma ta buge shi yanzu, sai ya tsage a sabon wuri. Kawo tokar." Muka juye buhunan nan a kanta har ta ɓace, muka rufe da yashi da tsohon kwano. Ya ce kada wanda ya taɓa sai hannu ya shiga har ƙasa bai ji ɗumi ba.

Jiran nan shi ne aikin da ya fi wuya, kuma shi ne ba a koyarwa a wata guda. Mama Talatu da Dauda suka sauka a gidana. Kullum da safe Dauda zai zo ya cusa hannu a toka ya fizge, ya koma benci ya zauna da sandarsa a cinya. A nan na ji maganar da ta sa nake ba ku wannan labari. Ina gyaran wata ƙofa, su suna bayana.

Ya ce, "Inna, ke shi ke nan? Mu zauna a yanka mu kamar kaji, mu ce haƙuri?"

Ta ce, "Wa ya ce maka na zauna? Na je gaban hakimi, na je wurin 'yan sanda, na faɗi sunansa da bakina yana tsaye. In sun kira ni gobe zan sake faɗi. Gaskiya ba zan haɗiye ta don a ji daɗi ba. Ku yi katanga, ku sa masu gadi, ku kwashe yara in kun ji motsi. Amma jininsa ba na so."

"Ba abin da hukuma za ta yi masa."

"Wataƙila."

"To me kike so?"

Ta ce, "So nake ya riƙa jin ƙararrawar nan duk ran Lahadi har ya tsufa. Tana haye fadama, ai ka sani. In Allah ya taɓa zuciyarsa, madalla. In bai taɓa ba, ya dai san ba mu tashi ba, ba mu kuma zama irinsa ba. Wanda muke bi, da aka kafa masa ƙusa, bai aika a ƙera masa takobi ba. Ni miji aka kashe mini. Kada ka sa a ce kuma na haifi mai kisa."

Na kashe wutar hannuna na tsaya. Na sha jin wa'azi a kan gafara daga manyan masu ilimi, ina gyangyaɗi. Wannan matar ko sunanta ba ta iya rubutawa, ga tokar majami'arta a ƙarƙashin farcenta, ta faɗi abin a cikin numfashi ɗaya. Na ji kaina ƙarami ƙwarai a gabanta. Dauda ya tashi ya tafi bakin titi ya daɗe a tsaye.

Ranar da toka ta yi sanyi, Malam Tanimu ya sa jikansa ya kawo shi. Muka tone, muka share, ga ɗinkin tagulla rawaya yana sheƙi a jikin baƙin ƙarfe, ba sabuwar tsaga ko ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muka taru muka rataye ta a reshen mangwaron da ke gefen shago. Amma kyan gani ba shi ne ba. Kas da aka ɗinka yakan fito bebe, ka buga ka ji kamar ka doki buhu, kuma ba mai sani sai an gwada. Na ɗauko guduma, sai tsoho ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ba da guduma ta saba ba."

Duk muka juya muka dubi Dauda. Ya daɗe yana kallon abin da ke cinyarsa. Sannan ya warware tsumman, ya zo ya tsaya yadda mahaifinsa kan tsaya, ya ɗaga, ya buga.

Muryar ta fito. Ta yi ƙasa fiye da dā, da ɗan kaushi a cikinta kamar ta wanda ya sha kuka, amma ta tafi, ta yi ta tafiya. Ya jira har ta mutu sarai, ya ƙara. Bugun mutuwa yake yi. Masu wucewa a titin Palladan suka tsaya, mai shayin tsallake ya ajiye butarsa. Mama Talatu ta durƙusa a ƙasa, sai a lokacin na ga hawayenta. Malam Tanimu ya sunkuyar da kai yana motsa baki. Da Dauda ya gama, ya juyo ya durƙusa gaban tsohon har ƙasa ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Bai sake tayar da maganar baki biyu ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yanzu shekaru sun ja. Malam Tanimu ya rasu, Mama Talatu ma. Ni kuma abin da ke hana ni sukuni yau ba wuta ba ce, tsatsa ce. Wuta kowa na ganinta ya yi ihu. Amma dattijon ikilisiya ya zo ya ce in yi wa majami'a ƙofa da bututu mara kauri, in cika fenti, wai ba mai ganewa, wannan wa zai buga masa ƙararrawa? Ku ma ina ganinku, kuna ɗiga walda nan da can, ku toshe sauran da hodar cike rami ku shafe, mai kaya ya tafi yana yi wa rogo kallon kitse. Sannan ku zauna da waya kuna zage-zage a kan yadda ake tsananta mana. Tsanani gaskiya ne, na ga tokarsa da idona. Amma wanda ya kasa riƙe gaskiya a ɗinkin ƙofa, ban ga da me zai riƙe ta ran da aka zo masa da wuta ba.

Bara Dauda ya zo shago, kansa ya yi fari, yanzu shi ake kira Baba. Mutumin hayi yana nan da rai, ya ce, ya tsufa, an ɗan tsare shi aka sake shi, bai taɓa zuwa ya nemi gafara ba. Amma gidansa na bakin fadama, kuma ba a taɓa fasa bugu ko Lahadi ɗaya ba. Ya warware wani tsumma ya ɗora sandar a teburina. Kanta ya baje saboda duka, gefen ya fara tsattsagewa, yana tsoron kada ɓarɓashi ya faɗa wa wani yaro a ido. Na juya ta a hannuna, ta rage tsawo da kusan yatsa uku, ba wuta ba magagari, bugu kawai.

Na kunna injin gurza. Ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, "Malam, a datse bakin kawai. Kada a wasa."